Dutsen Wanki a Rafin Utako

Tun da na dawo daga Abuja ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna wajen mai shayi a kewaye ni, har mai ƙosan ƙofar gidanmu sai da ta tsayar da ni wai da gaske ne titin can ya fi filin ƙwallo faɗi. Na gaji da maimaita magana ɗaya, ga shi kowa abin da ransa ke so shi yake tsinta a ciki ya bar sauran. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba. Amma ku sani tun yanzu, ba labarin daɗi ba ne. Akwai abin dariya a ciki, kuma yawancinta ni za a yi wa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hamisu, a unguwarmu Obalende ta Legas ana ce mini Hamisu Mai Bula, saboda shuɗin garin nan da muke sa wa farin kaya. Wanki da guga ne sana'ata, a gidan wankin Baba Audi na koya, a nan kuma furfura ta fara fito mini. Gidan wankin nan fili ne kawai, da kwamin siminti a jere, da famfo, da rumfar bugu a gefe. Baba ya ce Turawa ne suka gina shi lokacin da suka hana wanki a bakin ruwa. Shi ya zo daga ƙasar Katsina yana saurayi, ya tarar da tsofaffi suna wanke kakin Turawan, suna zuba masa sitaci har wando ya iya tsayuwa ba kowa a ciki. Turawa suka tafi, aka koma manyan riguna da leshin 'yan siyasa. Su ma suka tafi, kaki ya dawo. Baba yakan ce kowa ya hau mulki sai rigarsa ta yi datti, mu dai muna nan. A kwano ɗaya muke ci, kuma Baba ne sarkin wanki, shi ke raba kwami, shi ke raba faɗa.

To, a wannan karon mulkin ne da kansa ya naɗe tabarmarsa. Ma'aikatan da muke wa wanki suka fara tafiya Abuja ofis bayan ofis, ƙullin kayan da ke shigo mana kullum sai raguwa yake. Samarinmu suka fara ƙus-ƙus, wai gara kowa ya kama gabansa. Da maganar ta kai kunnen Baba sai ya tara mu bayan la'asar.

Ya ce, "Ba na so ku watse ina da rai. In kaya sun koma Abuja, mu bi kaya, amma tare za mu tafi. Hamisu, kai ne mai ƙafa da baki. Je ka nemo mana ruwa da filin da zai ɗauke mu duka."

Da mutane suka tashi ya riƙe ni, ya rage murya. Ya ce in duba ruwan da kyau in ga ko yana karɓar sabulu, kuma kada in taɓa ruwan mutane sai na gaida masu shi. Daga nan ya tambaye ni ko gaskiya ne daga Abuja zuwa Katsina tafiyar wuni ɗaya ce. Na ce haka na ji. Na san rabonsa da gida tun ba a haifi wasunmu ba.

Mota ba ta ba ni wahalar samu ba. Akwai wani direban babbar mota, Ɗan'asabe, mutumin Agege, da ke kwasar kayan ofisoshi zuwa Abuja. Gaba ya cika da yaran mota, sai aka ce in hau baya. Na tarar da tebura da akwatunan ƙarfe an ɗaure, da wata kujera mai juyi, mai laushi, wadda ba na shakka ta wani babba ce. Na haye abina. Tun daga Legas har Ibadan ina juyi ina ɗaga wa mutane hannu, ban taɓa jin daɗin gwamnati irin na ranar ba. Da muka shiga duwatsun Okene motar ta faɗa wani rami, kujerar ta juya da ni ta zubar da ni a tsakanin akwatuna, goshina ya yi ƙulu. Daga nan na koma kan buhuna, na bar mulki ga masu shi.

A Lokoja muka kwana, sauro ya yi walima da mu a ƙarƙashin mota. Amma kifin garin ya biya ni, wani gasasshe da barkono wanda ya sa na yi ta share hanci da hannun riga. Da safe da za mu haye gada na hango mata jere a bakin Kwara suna wanki. Yaran mota kogi suke kallo, ni kuwa hannun matan nake kallo. Na ga suna ɗauraya sau ɗaya su shanya, na ce a raina da Baba na nan da ya sauka ya yi musu faɗa.

A Abaji aka ce mana mun iso iyakar sabuwar ƙasar gwamnati. Akwai shinge da masu kaki, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani dogo ya zazzage buhuna, sai ga mabugaina guda biyu sun faɗo, irin na icen kirya ɗin nan masu nauyi da muke bugun shadda da su. Ya ɗaga ɗaya ya jinjina, ya dube ni, ya dubi ƙulun goshina.

"Wa ka kashe da wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, riga nake duka."

Bai gane ba sai da na cire hulata na shimfiɗa a kan wani kututture na yi mata 'yan bugu. Abokansa suka taru suna dariya, ɗaya ya ce ai ya san irinmu a Zariya. Aka sake ni, amma hular ba ta ƙara moruwa ba.

Kusa da Sheda taya ta fashe, muka yi zaman jira a gindin wani mangwaro. A nan na fara ganin mutanen ƙasar, waɗanda muke ce wa Gwari, su kuma suke kiran kansu Gbagyi. Matansu na dawowa daga gona da doya a manyan ƙorai, amma a kafaɗa suke ɗauka, ba a ka ba. Wata ta sauke nata tana hutawa, da za ta tashi na je da karambanina na kama ƙwaryar zan aza mata a ka. Ta goce, ta harare ni, ta nuna kafaɗarta. Ɗan'asabe ya ce in rufa wa kaina asiri, su a wajensu kai ya riga ya ɗauki tunani, ba a ƙara masa wani kaya. Na ba ta haƙuri. Ta bar mana doya biyu muka gasa, kuma na rantse ban taɓa cin doya mai gari irinta ba.

Abuja kuwa, mai ƙosai ba ta yi ƙarya ba, titi akwai faɗi. Sai dai ba kowa a kai. Za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga inda za ka tsuguna ka sha ruwa ba, ba rumfa, ba mai goro, ba wanda zai amsa maka sallama. Ko'ina ƙarar katafila da jar ƙasa. Mu da muka saba da Legas inda in ka yi atishawa mutum goma za su waiwayo, sai na ji kamar an ajiye ni a gonar da aka share ba a shuka ba.

Ɗan'asabe ya kai ni masauki wajen wani tela, Bitrus, mutumin ƙasar Jos, da ke zaune a ɗakin kwano a gefen ƙauyen Utako, yana ɗinka wa leburori kayan aiki. Ɗakin da rana tanda ne, ga keken ɗinki ya cinye rabinsa, sai na riƙa kwana da ƙafafuna a ƙarƙashin keken. Bitrus Kirista ne, amma shi ke tashina da asuba, ya ce, "Malam, ladanku ya yi kira, kada ka ja mini zunubi." Abincinsa gwate ne safe da yamma, wani fate na acca da ganye mai tsami. Ranar farko na ci don kunya. Kafin mako ya zagayo ni ke kankare tukunya.

Na fara da neman mutanenmu. A Garki na samu Oga Tunde, wanda na yi shekaru ina wa wanki a Legas. Da ya gan ni ya rungume ni a gaban matarsa, ya ce tun da suka zo farin kayansa sun koma kalar ƙasa. Ya haɗa mini ƙulli, ya kuma nuna mini gidajen abokansa. Kaya kam akwai su, har sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Ruwa ne babu. Famfo duk a cikin gidaje yake, bayan katanga. Na zaga Garki, na zaga Wuse, ban ga famfon jama'a ko ɗaya da za a ce mutane su taru su yi wanki ba.

Bitrus ne ya ce, "Kai da kake kwana a bakin rafi kake zuwa Garki neman ruwa?" Ya ja ni ta bayan ƙauyen, muka ratsa gonar dawa, sai ga rafi yana gudu a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse mai faɗi, ga ciyawa a gefe, ga rana ba abin da ya tare ta. Murna ta kama ni. Na tuɓe takalmi na nufi sama inda ruwan ya fi haske, na ciro sabulu zan gwada. Sai na ji murya a bayana.

"Kai, ɗan Legas. Mayar da wannan sabulu a aljihu."

Wata tsohuwa ce, gajera, da zani ɗaure a ƙirji. Ita ce Mama Ladi, kuma daga baya na gane ita ce Baba Audin rafin nan. Hausarta irin ta ƙasar ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta.

Ta ce, "Nan sama ruwan sha ne, ba ya son sabulu. Tsakiya na mata, ita ce wurin wanki. Ƙasa can na wanka da awaki. Kai wanne ne a ciki?"

Matan da ke wanki suka fashe da dariya. Na ce ni mai wanki ne. Dariyar ta ƙaru, don su a wajensu ƙato da gemu ba ya zuwa rafi da ƙullin kaya. Na tuna gargaɗin Baba, na ji kunya, na mayar da sabuluna. Washegari na sayi goro da gishiri, Bitrus ya raka ni wajen mai garin, wani tsoho mai sanyin magana. Na faɗa masa ko mu su wane ne, da yawanmu, da tsohon da muka baro. Ya karɓi goro ya sa albarka, ya ce in Mama Ladi ta yarda shi ba shi da ta cewa. Mama Ladi ta yanka mini gefen dutsen daga ƙasa da na mata, ta ce in mutanena sun zo su tsaya nan, kuma kada wanda ya tuɓe riga a gaban 'ya'yanta.

Ruwan nan, jama'a, ban taɓa ganin irinsa ba. Sabulu kaɗan za ka goga ya tashi da kumfa, ɗauraya biyu ya fita tas. Na ɗanɗana, ba gishiri, ba ƙarnin ƙarfe irin na famfonmu. Kuma wani abin da ya ƙara faranta mini rai, a gefen rafin akwai wasu turakun ƙarfe da aka kafa da siminti, an shafa musu fenti ja da fari, a jere sambal, tazararsu daidai wa daida. Na tsaya ina kallonsu na ce Allah ya yi wa wanda ya kafa su albarka, ko wane ne ya san shanya. Na sayo igiya a kasuwa na ɗaura daga wannan zuwa wancan. Matan suka yi ta dariya suna magana da yarensu, na ɗauka har yanzu gemuna suke wa.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a tafiyar. In na zo matse zanin gado Mama Ladi ta kama mini ɗaya gefen, muna murɗawa tana yi mini tsiya wai hannuna na mata ne. Ta nuna mini yadda iyayensu ke wanki kafin sabulun kanti ya zo, da ruwan toka da wani ganye mai yauƙi, na ce ai mu ma a ƙauyenmu da sabulun salo muka tashi. Ni kuma na nuna musu bula. Da farko sun ce zan ɓata musu farin zani da shuni, da suka ga ya bushe yana ɗaukar ido sai kowace ta riƙa zuwa da ɗan ƙoƙonta. Na samu wani guntun icce na riƙa bugu a kai, yara na taruwa suna rawa. Guga kuwa da dutsen gugan Bitrus nake yi in ya tashi daga aiki. Sau ɗaya kawai na yi asara, ranar da na hau bayan tifa da fararen kaya don in rage hanya zuwa Garki, na sauka da ni da su duk mun zama ja, na koma rafi na sake sabon wanki.

Ana nan Ɗan'asabe ya zo da wani lodin zai koma. A nan ne na riga malam masallaci. Na ce ya je Obalende ya gaya wa Baba an samu, ruwa mai daɗi, dutse shimfiɗe, masu wuri sun yarda, har turakun shanya an kafa mana. Na ce su fara shiri, ina nan tafe in ɗauke su.

Wata Asabar matar Oga Tunde ta matsa sai ta ga inda ake wanke kayansu suke yin haske haka. Suka ɗauke ni a mota, muka ajiye ta a bakin gona muka taka. Ina gaba ina ta bayani kamar mai nuna gidan da ya gina. Da muka ɓullo bakin rafin Oga ya tsaya cak. Ya dubi singiletinsa da zannuwan gadonsa suna kaɗawa a kan igiya, ya dubi turakun, sai ya kama dariya har yana dafa gwiwa. Can ya dubi fuskata, dariyar ta tsaya. Da 'yar Hausarsa da ya koya a Kaduna ya tambaye ni ko na san mene ne waɗannan ƙarafan.

Na ce na shanya ne.

Ya ce, "Hamisu, na masu awon ƙasa ne. Titi ne zai bi nan. Wannan rafi za a sa shi cikin kwalbati, a rufe, mota ta bi ta kai."

Na ce ai na gaida mai gari, na kai goro. Ya girgiza kai, ya ce ƙasar nan duka ta gwamnati ce yanzu, mai garin ma baƙo ne a kanta. Na tambaye shi, to a duk zanen garin nan da aka ce masana sun yi, ina aka ware wa masu wanki? Mutumin kirki ne, ba ya son ya yi mini ƙarya. Ya ce akwai wurin kasuwa, akwai na asibiti, akwai na wasan yara, amma bai taɓa jin na wanki ba. Kowane gida an yi masa famfonsa da ɗan ɗaki a baya. Ya ce ni in zo in zauna a nasa, sauran kuma zai samar musu gidajen abokansa, mutum ɗaya gida ɗaya, wani a Garki, wani a Wuse, wani can Asokoro.

Na ce, "Baba Audi fa?"

Ya sunkuyar da kai. Matarsa ce ta ce, a hankali, ai na san ba mai ɗaukar tsoho aiki.

Da suka tafi na je wajen Mama Ladi, raina a ɓace. Na ce, "Mama, kin san abin da ƙarafan nan suke nufi kika bar ni na ɗaura igiya?"

Ba ta daina cuɗa zaninta ba. Ta ce, "Mun sani. Tun jikana yana goye aka kafa shi, yanzu ita ke kai awaki kiwo. Kowace shekara a ce bana ne. In mun zauna jiran su, wa zai yi wanki? Kai ka zo da murna, ka kawo goro. Mu ce maka me?"

Haushin da na zo da shi ya koma kaina, don ni abin da zan rasa wurin sana'a ne da ban ma fara ba, ita kuwa a dutsen nan uwarta ta yi mata wanka.

Ban karaya nan take ba. Na ce tun da an daɗe ana cewa bana, wataƙila banan ba za ta zo ba. Na kuma shiga neman wani wurin. Na je har Bwari, na ga ruwa mai kyau, amma kafin ka kai kaya Garki ka dawo rana ta faɗi, kuɗin mota ya cinye wankin. Duk rafin da ke kusa da gari kuwa, in na duba gefensa sai in ga ja da fari, don yanzu idona ya buɗe. Ina cikin wannan yawo katafila ta iso ta saman rafinmu ta fara ture ƙasa. Da safe muka zo muka tarar ruwan ya zama kunun kanwa, har wurin shan. Matan suka tsaya cirko-cirko da ƙoransu, ba mai dariya ranar. Na kwance igiyata na naɗe.

Mama Ladi ta aza ƙwaryarta a kafaɗa za su nemi wani ruwan can gaba. Ta ce an gaya musu wata rana za a kwashe su zuwa wajen Bwari, inda aka kai wasu danginsu. Ta ce, "Ka gaida tsohon naka. Ka ce masa wurin da na ba shi yana nan, ruwan ne ya tafi." Bitrus ya raka ni tasha, ya ɗinka mini sabuwar hula bai karɓi ko sisi ba.

A bayan motar Ɗan'asabe na dawo, wannan karon ba kaya, sai ni da buhuna muna gwaruwa da ƙarfe. Ban ga Lokoja ba, ban ga Okene ba. Duk hanya ina juya yadda zan faɗa wa Baba, kuma da na sani ƙeya ce. Da na riƙe bakina har in dawo, da abin ya zo da sauƙi.

Da hantsi na shiga gidan wanki, na tarar da abin da nake tsoro. An tone gungumen bugu daga ƙasa an jingine. An ɗaure kaya buhu-buhu a rumfa. Baba ya riga ya zaga maƙwabta ya yi sallama, ya yi sadaka, har ya yi wa wasu masu wankin mota alkawarin filin. Yana zaune a kan tabarma da sabuwar riga, ya yi aski. Da ya gan ni ya miƙe da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba sai an kama shi.

Na durƙusa na faɗa masa komai a gaban kowa, ban rage ba, har da turakun. Na so a yi dariya ko a zage ni, ba wanda ya yi ko ɗaya. Baba ya saurara har na gama.

Ya ce, "Ruwan dai yana karɓar sabulu?"

Na ce, "Yana karɓa, Baba."

"Ka gaida masu shi?"

"Na gaishe su."

Ya ce, "To, ka yi aikinka." Ya koma ya zauna.

Wannan shi ne labarin Abuja da kuke tambaya. Aiki akwai shi, duk mai hannu zai ci abinci, kuma tuni samarinmu suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowa da gidan da aka samar masa. Ni ma Oga Tunde ya aiko sau biyu. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa a wajen mai shayi ba, don bakina ba ya iyawa, gara in rubuta.

Washegarin dawowata Baba ya sa aka buɗe buhun duwatsun guga. A gidan wankinmu dutsen guga ba na kowa ba ne, na gida ne, wanda ya riga zuwa ya zuba gawayi ya ɗauka. Ya sa aka jera su a gabansa, ya riƙa kiran suna yana miƙa wa kowa ɗaya, yana gaya masa halin dutsen, wannan yana saurin zafi, wancan murfinsa na zubar da toka a kula da farin kaya. Ya raba duka bai bar wa kansa ko ɗaya ba. Na ƙarshen ya miƙo mini. Na ce ni ba inda za ni, ina nan tare da shi.

Ya ce, "Za ka tafi, kana da iyali. Amma ba yau ba."

Ya jawo ƙullin kayansa na sawa, wanda ya ɗaura da hannunsa don tafiya arewa, ya yi ta fama da bakin ƙullin. Can ya turo mini shi.

Ya ce, "Kwance mini, Hamisu. Na ɗaure shi da ƙarfi, ban yi zaton a nan za a kwance ba."